Bart Starr: Kada A Ƙirga Masa Kofuna Kaɗai



A wannan makon shafin ra'ayi na kulob ɗinmu zai kai ku Amurka. Za mu yi magana ne a kan wani ɗan wasa da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, a wani wasa da ba a yin sa a filin makarantarmu. Sunansa Bart Starr. An haife shi ranar 9 ga Janairu, 1934, a garin Montgomery na jihar Alabama, ya rasu ranar 26 ga Mayu, 2019, yana da shekara 85.

Duk wanda ya tashi tunawa da shi, da lissafi yake farawa. Ya ci kofin ƙasarsu sau biyar. Ya ci wasan Super Bowl na farko da na biyu, kuma shi aka zaɓa gwarzo a duka biyun. Wannan duk gaskiya ne. Amma mu a ganinmu, wanda ya tsaya a nan rabin labari ya bayar, kuma rabin da ya bari shi ya fi amfanar irinmu. Ku daure ku karanta har ƙasan takarda. In an kaɗa ƙararrawa, ku dawo in an tashi tara.

Wane irin wasa ne?

Kada wani ya ɗauka ƙwallon ƙafar da muka sani ake nufi. Ƙwallon Amurkawa doguwa ce mai tsini gaba da baya, kuma da hannu aka fi yin wasan. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba da yadi goma. In ta yi, a ƙara mata wasu huɗu. In ta kasa, ƙwallo ta koma wajen abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya samo wa ƙungiyarsa maki shida. Akwai karo da ture da kayar da juna, shi ya sa suke sa hular kwano da matasai a kafaɗa.

A cikin mutum goma sha ɗayan nan akwai wanda ake kira kwatabak. Shi ake miƙo wa ƙwallo a farkon kowane hari. Cikin 'yan daƙiƙoƙi zai yanke shawara: ya jefa ta ga abokin wasansa da ke gudu can gaba, ko ya miƙa wa na kusa da shi, ko ya ruga da ita da kansa. Yana wannan tunanin ƙattin ɗaya ɓangaren suna rugowa su danne shi. A zamanin Starr, shi da kansa yake zaɓar dabarar da za a yi a kowane hari. Kamar direban mota yake. In an isa lafiya a yaba masa, in an faɗa rami shi za a fara tambaya. Wannan aikin Starr ya yi wa ƙungiyar Green Bay Packers shekara 16, daga 1956 zuwa 1971.

Mutum na 200

Bari mu fara da abin da ba a rubuta a jikin kofi ba.

Mahaifinsa soja ne mai tsanani. Yana yaro ƙanensa ya taka wani ƙashi a tsakar gida, cutar sarƙe-haƙora ta kama shi, cikin 'yan kwanaki ya rasu. Haka Starr ya tashi, yaro mai shiru, a gidan da ke cikin baƙin ciki.

Da ya shiga Jami'ar Alabama ya fara wasa da kyau, sai ya ji ciwo a baya. A shekararsa ta ƙarshe, wato 1955, ƙungiyar jami'ar ta buga wasa goma, aka cinye ta a duka goman. Shi kuwa yawancin lokaci a benci ya zauna. Ku duba fa. Ƙungiyar da ba ta ci wasa ko ɗaya ba, ita ce take ganin bai isa ya shiga fili ba.

A Amurka, kowace shekara manyan ƙungiyoyi suna zama su zaɓi 'yan wasa daga jami'o'i, bi da bi, kamar yadda kyaftin biyu suke zaɓar yara kafin a fara ƙwallo a unguwa. Duk wanda aka taɓa bari a tsaye har ƙarshe ya san yadda abin yake a zuciya. A zaɓen 1956 sai da aka kira mutum 199 kafin a kira Starr. A zagaye na 17 aka ɗauke shi, shi ne na 200.

Ƙungiyar da ta ɗauke shi ma a lokacin ba abin alfahari ba ce. Green Bay ƙaramin gari ne mai tsananin sanyi a jihar Wiskonsin. A 1958 ƙungiyar ta buga wasa 12, ta ci ɗaya tak, ta yi kunnen doki a ɗaya, aka cinye ta a goma. Starr ya yi shekara uku a nan, yau a sa shi, gobe a cire shi. Da a ce ya ajiye wasa a 1958 ya koma gida, babu wanda zai ga laifinsa, kuma babu wanda zai tuna da shi.

A 1959 aka kawo sabon koci mai suna Vince Lombardi. Mutum ne mai faɗa da tsawa, amma ya iya aikinsa. Ya lura cewa wannan yaron mai shiru yana haddace dabaru, yana zama ya kalli hotunan wasannin baya har ya gane halin abokan karawa. Kafin ƙarshen shekarar ya ɗora shi a gaba.

Akwai wani labari da Starr da kansa ya sha bayarwa. Wata rana Lombardi ya yi masa tsawa a gaban 'yan wasa. Starr bai ce uffan ba a wurin. Bayan an tashi ya same shi a ofis, ya ce masa cikin ladabi shi yana iya ɗaukar faɗa, amma a riƙa yi masa a keɓe, domin ba zai yiwu a wulaƙanta shi a gaban mutanen da ake so ya jagoranta ba. Lombardi ya ji, kuma bai sake ba. Mun so wannan labarin saboda mutum biyu ne suka yi abin kirki a cikinsa. Ƙaramin bai yi rashin kunya ba, babban kuma bai ce an raina shi ba.

Daga nan kofuna suka fara zuwa. A 1960 sun kai wasan ƙarshe, ƙungiyar Filadelfiya ta cinye su da 17 da 13. Shi ke nan wasan fitar da gwani da Starr ya taɓa faɗuwa yana ɗan wasa. Tara da suka biyo baya duk ya ci. Sun ɗauki kofi a 1961, 1962, 1965, 1966 da 1967.

Ranar ƙanƙara

Wasan da aka fi tunawa da shi an yi shi ne ranar 31 ga Disamba, 1967, a filin Lambeau na Green Bay, tsakaninsu da Dallas Cowboys. Sanyin ranar ya kai digiri 25 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas, wato waje ya fi cikin firiza sanyi. Na'urar da aka binne don ɗumama fili ba ta yi aiki ba, ƙasa ta daskare ta zama kamar siminti. Usur ɗin alƙalin wasa ya manne masa a leɓe, daga nan da baki suka riƙa tsayar da wasa. Duk da haka mutum fiye da dubu hamsin suka zo kallo.

Masu ba da labarin wannan wasa sukan yi tsalle su tafi daƙiƙoƙin ƙarshe. Mu ba za mu yi haka ba. A wasan nan sau takwas aka kayar da Starr da ƙwallo a hannunsa. A ɗaya daga ciki ta kuɓuce masa, wani ɗan Dalas ya ɗauka ya kai ta gida. Wato wasu daga cikin makin da ake bin su, daga hannunsa suka fita.

Saura minti huɗu da daƙiƙa 50 a tashi, Dalas na gaba da 17 da 14, ƙwallo ta dawo hannun Green Bay, kuma akwai yadi 68 a gabansu. Starr bai yi gaggawa ba. Kaɗan-kaɗan ya riƙa matsar da su, gajeren jifa nan, gajeren gudu can, har suka zo saura yadi ɗaya. Sau biyu aka miƙa wa mai gudu, sau biyu santsi yana kwashe shi. Saura daƙiƙa 16. Starr ya nemi hutun ƙarshe da ya rage musu, ya je wajen Lombardi.

Suna iya yin bugun da ke ba da maki uku a yi kunnen doki, a ƙara lokaci. Hanyar da ba ta da haɗari ke nan. Starr ya ce shi yana ganin zai iya kutsawa da kansa, tunda yana dab da layi kuma ba sai ya ɗauko gudu a kan santsi ba. In ya kasa, da wuya su sami lokacin sake gwadawa, kuma kowa zai san wanda ya jawo. Lombardi ya amince. Aka miƙo masa ƙwallo, abokan wasansa na gaba suka ture masa hanya, ya sunkuya ya faɗa ta tsakaninsu ya haye layi. Aka tashi 21 da 17.

Abin da ya burge mu shi ne, mutumin da ya yi kuskure a farkon wasa bai ɓuya a ƙarshensa ba. Da yawanmu in muka ba da amsar da ba daidai ba aka yi mana dariya, mun daina ɗaga hannu ke nan har ƙarshen zango.

Rabin da ake saurin wucewa

A ƙarshen 1974 ƙungiyar ta shiga wani hali, sai aka ce wa ya fi dacewa ya gyara ta in ba gwarzonta ba. Aka naɗa Starr babban koci. Ya yi shekara tara a kan kujerar. Ya ci wasa 52, ya faɗi 76, ya yi kunnen doki uku. Sau ɗaya kacal ya kai su wasannin fitar da gwani, a 1982. A Disambar 1983 ƙungiyar da ya ciyo wa kofi biyar ta sallame shi.

Shekara tara ba kwana tara ba ne. Wanda ya shiga aji ɗaya na firamare lokacin da aka naɗa shi, yana aji uku na ƙaramar sakandare lokacin da aka sallame shi. Duk tsawon wannan lokaci yana fita gaban jama'ar da suka saba ganin sa da kofi, yana amsa tambayar me ya sa aka sake cinye su. Daga baya ya fito fili ya ce karɓar aikin kuskure ne, domin bai shirya masa ba. Iya wasa daban, iya koyar da wasa daban. Malamanmu sun fi kowa sanin wannan.

Ko a shekarun da yake tashe, akwai wani lissafi da ba a cika karantawa ba. Sau 152 ya yi jifan da ya zama ci. Sau 138 kuma ya jefa ƙwallo ta faɗa hannun abokan karawa. Ku kalli lambobin nan biyu, ba su da nisa da juna.

Me ya sa za a faɗi wannan?

Mun san abin da wasu za su ce, domin ko a cikin kulob ɗinmu sai da aka faɗe shi. Za a ce mutum ya rasu, a bar shi ya huta, ba a tona asirin mamaci. Mun yarda ɗari bisa ɗari cewa ba a zagin wanda ya riga mu, kuma ba a bankaɗo abin kunyarsa. Haka aka tarbiyyantar da mu. Amma mu tambayi kanmu, faɗuwa a wasa abin kunya ne? Zama na 200 laifi ne? Starr bai cuci kowa ba. Ya gwada wani aiki da iyakar ƙarfinsa, bai yi nasara ba, ya kuma amsa da bakinsa. In muka ɓoye wannan don wai muna girmama shi, to mu ne muka mayar da shi abin kunya, alhali shi bai ɗauke shi haka ba.

Wasu kuma za su ce ai ba don kofunan ba, da ba mu ma san da shi ba. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Akwai mutane da yawa da aka zaɓa a ƙarshe-ƙarshe, suka yi ƙoƙari, ba su kai ko'ina ba, kuma babu mai rubutu a kansu. Ba mu ce duk na 200 zai zama gwarzo ba. In muka faɗi haka mun yi muku ƙarya. Abin da muke cewa shi ne, kofunan su suka sa muka waiwaya muka dube shi, to tunda mun duba, mu dube shi gaba ɗayansa.

Ga illar rabin labari. Yaron da ya zo na 40 a aji in ya karanta cewa wane ya ci kofi biyar, ya zama gwarzo sau biyu, an rataye rigarsa, sai ya ce wannan ai ba irina ba ne, haka aka halicce shi. Ya wuce abinsa. Amma in ya karanta cewa mutumin ya yi shekara guda a benci a ƙungiyar da ba ta ci wasa ko ɗaya ba, zai ɗan tsaya. Yaron da ya saba zuwa na ɗaya shi ma yana buƙatar ɗaya rabin. Ya kamata ya ji cewa mutum yana iya ɗaukar kofi biyar, sannan ya shafe shekara tara yana shan kashi, kuma duniya ba ta tashi ba. Ranar da ya fara zuwa na biyar, wannan labarin ne zai taimake shi, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Abin da ya rage bayan an daina tafi

A 1965, yana tsakiyar tashensa, shi da matarsa suka taimaka aka kafa wani gida mai suna Rawhide a jihar Wiskonsin, don yara maza da suka shiga matsala a gida ko da hukuma. Da aka ba shi mota ƙirar Corvette a matsayin kyautar gwarzon Super Bowl na biyu, sai ya bayar da ita aka tara wa gidan kuɗi. A 1988 ƙaramin ɗansa ya rasu yana da shekara 24 sanadiyyar miyagun ƙwayoyi. Mutumin da ya yi shekaru yana taimakon 'ya'yan wasu, ya rasa nasa. Wannan ma yana cikin labarinsa, kuma ba mu kawo shi don a zarge shi ba. Mun kawo shi ne don a san cewa suna da kofi ba sa tsare gida daga jarrabawa.

Ƙungiyarsa ta ajiye lambarsa, 15, a 1973, babu wanda zai sake sa ta. A 1977 aka sa shi a zauren gwarazan wasan. Tun 1989 kuma ake ba da wata kyauta mai sunansa kowace shekara. Ba wanda ya fi jifa ko gudu ake ba wa ba, ana ba ɗan wasan da ya fi nuna halin kirki da jagoranci a gida da fili da cikin jama'a. Mu a wajenmu wannan kyautar ta fi kofunan bayyana ko shi wane ne.

A 2014 ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Ranar 26 ga Nuwamba, 2015, aka shigo da shi filin Lambeau a cikin 'yar ƙaramar mota, ana ruwa ana sanyi, yana da shekara 81. Jama'a suka miƙe suna ta tafi da ihu. A cikinsu akwai dattawan da suka ga ranar ƙanƙara, akwai kuma waɗanda suka sha takaicin shekaru taran nan. Sun san duka biyun, kuma ba su fasa miƙewa ba. Ashe sanin faɗuwar mutum ba ya rage masa daraja a wajen masu ƙaunarsa.

Roƙonmu

Muna da roƙo guda biyu.

Na farko ga 'yan'uwanmu ɗalibai. In aka ba mu aikin rubuta tarihin wani gwarzo, ɗan wasa ne ko malami ko shugaba, kada mu kwafo jerin nasarorinsa kawai mu miƙa. Mu nemi inda ya yi tuntuɓe, da abin da ya yi washegari. A nan darasin yake.

Na biyu ga malamanmu, cikin ladabi. In za a gayyato tsohon ɗalibi ya yi mana jawabi ranar ba da kyaututtuka, a roƙe shi ya gaya mana darasin da ya taɓa faɗuwa da yadda ya yi ya tashi. Ku ma in kun ga dama, wata rana ku ba mu naku labarin. Ba za mu raina ku ba, sai ma dai mu ƙara jin maganarku. Sannan in ɗayanmu ya yi kuskuren da ya cancanci faɗa, a tuna da Lombardi da ofishinsa.

Wanda bai yarda da mu ba, ƙofa a buɗe take. Ya rubuto nasa ra'ayin ya ba kowane ɗan kulob, za mu liƙa shi a nan mako mai zuwa. Don Allah kada a yi rubutu a jikin takardar, kuma kada a yage ta.

 Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.